Littafin Da Auta Ta Ƙi Ƙarasawa

Ran da Auta ta shiga shagon tabarau, idanunta sun yi jajir suna ta zubar da ruwa, amma duk da haka babban yatsanta bai bar latsa waya ba, har a kan kujerar gwaji.

"Malama, ko za ki ajiye wayar nan mu ga idon?" in ji mai gwajin, wani dogon saurayi mai sanyin murya da kowa a layin ke kira Mai Tabarau.

"Bari in ƙarasa layin nan."

Ya jira. Ta ƙarasa, ta faɗa wani. Da kyar ya samu ta kalli allon haruffa, ta kuwa karance su tas har ƙananan na ƙasa.

"Idonki lafiya lau, gajiya ce kawai. Me ya yi miki kike gana masa azaba haka?"

Sai ta zayyane masa. Ta shiga wani guruf na marubuta a waya, an yi alƙawarin kowa zai rubuta littafi sukutum cikin wata guda. Kullum sai an tura sababbin shafuka, wanda ya yi fashi a yi ta masa tsiya. Ita kuma ga koyarwa a firamare, sai lokacin hutun tara take laɓewa a ofishin malamai tana bugawa.

"To wane littafi kika karanta na ƙarshe?"

Ita da ake wa kirari a gida da mai ƙona girki saboda karatu, wai yau ta kasa tunawa! Kunya ta kama ta.

Ya jawo durowa ya fito da wani littafi mai yagaggen bango. "Na kai tsakiya, na rasa gane ko matar nan ta kirki ce ko muguwa. Ki karanta ki raba min gardama."

Ta karɓa ba don tana da lokaci ba, sai don yadda ya kalle ta ya yi saurin sunkuyar da kai.

Washegari saƙonta ya shigo masa: "Muguwa ce, kai ne mai saurin yarda da mutane. Akwai wani?"

Ya mayar: "Akwai kwali guda, Makaranciyata. Amma ɗaya-ɗaya nake bayarwa, don a riƙa dawowa."

Daga nan fa sai abin da ya yi gaba. Littafi na zuwa, littafi na komawa, har daga baya ya haƙura ya kai mata kwalin gaba ɗaya, gardama ba ta ƙarewa, so kuwa ya samu wurin zama ya miƙe ƙafa.

Matsalar tana gida. Abba, tsohon direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, ya ɗauki littafin Auta ya ɗora a ka. Ya gaya wa maƙwabta, ya gaya wa mai aski, har mai gyaran famfo sai da ya ji cewa autarsa marubuciya ce. Kullum da la'asar sai ya jawo kujera kusa da ita. "Yanzu ki sa jirgin ya lalace a tsakiyar daji. Ki sa direban ya sauko da fitila." Labarin da ta fara na soyayya ne, amma yanzu masoyan sun ɓace, sai tarago da birki.

Ga kuma shugaban guruf, wanda ya raɗa wa kansa suna Sarkin Alƙalami. Ya gano hanyar gidan, yana zuwa da turare kamar an yi ɓarinsa, yana kiran Abba "Baban marubuciya", yana rantsuwar shi zai buga littafin. Kowa ya san ba littafin kaɗai yake nema ba.

Saboda haka da kawun Mai Tabarau ya zo neman izini, Abba bai ɓoye ba. "Ba maganar aure sai ta gama littafinta. Kuma ni yaron da ke cika ta da littattafan wasu tana barin nata, ban gane masa ba."

Auta ta daure ta ci gaba da bugawa, kai na sara, abinci ba ya shiga. Ran nan a aji wata yarinya ta roƙe ta ta karanta musu labari, ta daka mata tsawar da ta sa yarinyar kuka. A nan tura ta kai bango. Tana fita ta rubuta a guruf:

"Salamu alaikum. Na ajiye gasar nan. Ba ciwo nake ba, ba kuma uzuri zan kawo ba, ba na so ne kawai. Wanda ya gama nasa ya turo min, ni mai karatu ce, zan karance shi tas."

Guruf ya ɗauki zafi. Wasu na "haba dai", wasu na "dama mun sani". Sarkin Alƙalami ko minti bai ɓata ba ya kira Abba ya shaida masa mai shagon nan ne ya hure mata kunne. Auta ko a jikinta. Abin da ya soke ta shi ne saƙon Mai Tabarau da ya biyo baya:

"Makaranciyata, don Allah ki daure ki ƙarasa, ko yaya ne. Ki rubuta komai ma, in dai Abba zai yarda. Saboda mu."

Ta karanta, hawaye suka cika mata ido don takaici. Ta mayar: "Har da kai? Ashe so kake in sayo ka da littafin da na tsana. Gobe za a kawo maka kwalinka."

Ta kashe wayar ta shiga falo. Abba na zaune ya haɗe rai, Umma na ninke wanki.

"Yaron nan ne ko?" in ji Abba.

Ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Abba, shi roƙona ma yake in ƙarasa, yanzu na sallame shi a kan haka. Ni ce na gaji. In ka ce ba aure sai da littafi, to na haƙura da auren, amma wallahi ba zan ƙarasa ba."

"Duk mutanen da na gaya wa fa?"

"Ka gafarce ni, Abba, amma littafin nan ba nawa ba ne. Ni ban taɓa kwana a daji da jirgi ba. Kai ka kwana. Kai ka san ƙarar birki in ya ƙi kamawa. Naka ne, ka ba ni aro da ƙarfi."

Umma ta ajiye zanen hannunta. "Atoh. An bar jaki ana dukan taiki. Tun ina amarya kake cewa za ka rubuta labaran nan, sai yanzu ka samu 'yar aike."

Abba ya kalli Umma, ya kalli Auta. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wa zai karanta shirmen tsohon direba?"

"Ni mana! Aikina ke nan, kuma na iya shi."

Sai da aka kwana biyu kafin Mai Tabarau ya yi ƙarfin halin zuwa ƙofar gida, rungume da kwalin da aka mayar masa.

"Tsoron rasa ki ne ya sa na yi wauta," ya ce. "Kar ki rubuta ko harafi ɗaya saboda ni. In shekara goma Abba zai ce, zan jira."

Ta harare shi, dariya na neman ƙwace mata. "Ajiye kwalin tukuna, kar ka karye a banza, Likitana. Abba na ciki, tun jiya yake tambayar ina yaron nan mai kunya."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Sarkin Alƙalami bai zo ba, wai yana kan babi na ƙarshe.

Da za a tafi da amarya, Abba ya kira su su biyun. Ya dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma ga amana nan. Ka ga dai yadda take, in ta ce a'a, to a'a ce, ni ma da na haife ta na gwada na sha ƙasa."

Mai Tabarau ya ce, "Na riƙe, Abba."

Auta ta rungume mahaifinta tana kuka. Ya sunkuyo daidai kunnenta, yadda Umma ba za ta ji ba.

"Na gama babi na ɗaya. In kin huta ki zo ki karanta, kuma ki gaya min gaskiya."

"Ko ba daɗi, Abba?"

"Ko ba daɗi, Autata."