Faifan Ƙarfe a Hanyar Rijiya

Ranar da Zenabu ta fara ganin Isifu, yana durƙushe a hanyar rijiyar unguwar zango ta garin Sokode yana jan faifan ƙarfe. Zamanin mulkin Faransa ne, ana aikin titin da zai nufi garin Dapaong. Ƙaton injin matse hanya zai ƙetare daɓen duwatsun da mahaifinta, Malam Salifu magini, ya shimfiɗa don kada mata su zame da tulu. Isifu ya ga injin zai farfasa daɓen, shi ne yake jera faifan a kai.

Ta miƙa masa ruwa. Ya sha yana kallonta, ta rufe fuska da mayafi. Daga ranar, kullum sau uku take zuwa rijiya.

Da maganar aurensu ta je gida, Malam Salifu ya ce ba zai ba lebura ɗan Dapaong 'yarsa ba. Hankalinsa ya fi kwanciya da Karimu, shugaban leburorin, wanda shi ma yake nemanta.

Ranar da injin zai sake ƙetarawa, Karimu ya ce a kwashe faifan, ɓata lokaci ne. Isifu ya tsaya a kan daɓen.

"Sai dai injin ya bi ta kaina," in ji shi.

Karimu ya zabga masa bulala, kunci ya tsage. Isifu ya rarumo shi, suka faɗi suna dambe, har haƙorin Karimu ya fita. Da Karimu ya miƙe, sai ya ture wani faifai da aka jingine. Ƙarfen ya sauka a ƙafar Isifu, ya datse yatsu biyu, jini ya yi tsartuwa. Zenabu ta sauke tulunta, ta fasa shi a kan Karimu, ya zube.

Aka kwashi Isifu zuwa garinsu. Karimu ya baza cewa Isifu yana da mata, wajenta ya koma. Wata biyu Zenabu ba ta cin abincin kirki.

Sai wani direba ya kawo mata takarda da aka rubuta da ajami. Ba ta iya karatu ba, dole mahaifinta ya karanta mata:

"Hasken idona, ƙafa ta warke, amma ina ɗingishi. Ban taɓa aure ba, ke kaɗai nake jira. In kina son gurgu, ki aiko. In ba kya so, Allah ya ba ki wanda ya fi ni. Naki, Isifu."

Malam Salifu ya tuna yadda Isifu ya tsaya wa daɓensa, sannan ya tambaye ta amsarta.

"Baba, ko babu ƙafar gaba ɗaya, shi nake so."

Washegari mahaifinta ya hau mota da kansa zuwa Dapaong. Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Tsoho ya dafa kawunansu, muryarsa na rawa, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Duk zango ya amsa da amin.