Farin Takalmina da Masaƙan Gada

Ƙullin goro kawai zan kai ƙetaren kogi da yammacin ranar da abin ya faru. Akwai wata bazawara a can, Wonse, mai wushirya da gonar koko, wadda yayanta Mahan ya ce duk wanda ya riga kawo goro da shi za a zauna. Mu biyu ke nema: ni Zingbe, da wani mai ɗana wa gafiya tarko wai shi Doro, mutumin da in ya shigo ɗaki kaji ke fita shan iska. Ku dubi wulaƙanci, a jera sunana da nasa.

Ƙauyenmu kuwa kada ma ku tambaya. Ruwa ta sama, laka ta ƙasa. Ka shanya riga, ta yi fumfuna kafin ta bushe. Buhun koko a ka ake kai shi titi, mara lafiya a goye. Rana ma sai ta roƙi itatuwa kafin ta leƙo mu. Cikin waɗannan mutane na dawo, ni da na yi shekaru ina guga a otal a birnin Man, da farin takalmi sau ciki mai tsinin baki. A birni in na taka, ƙwas-ƙwas yake yi. A nan babu inda zai yi ƙarar, ko'ina laka ce. Asara.

Hanya ɗaya ce zuwa ƙetare: gadar da aka saƙa da igiyoyin kurmi, aka rataye tsakanin manyan itatuwa biyu, kogi na ruri a ƙarƙashi. Ba a hawanta da takalmi. In ta tsufa, samari su saro sababbin igiyoyi su tara a bakin ruwa, a buga kuge, kowa ya shige gida tun rana ba ta faɗi ba. Gari na wayewa a ga sabuwar gada. Wai masaƙan kurmi ne, wasu aljanu, ke zuwa su saƙa. Ni dai na sha faɗa, tsofaffi ne ke yi a ɓoye don su ci kajin sadaka.

Ranar aka buga kugen. Na biya wa Doro, na yi fuskar tausayi, na ce ai an taɓa saƙa wani mai tarko cikin gada da ransa. Sakaran ya shige ɗaki ya ja ƙyaure, wai sai da safe. Ni kuwa na shafa wa takalmi alli, na ɗau goro.

A bakin gada na iske Kawu Gonto, yayan mahaifiyata, mai kula da gadar. Ya ajiye ƙwaryar bammi kusa da tulin igiyoyi, yana shirin tafiya.

"Ina zuwa, angon birni?"

"Gaisuwa zan kai, Kawu."

"Da wannan farar masifar a ƙafarka? Kurma ka zama, ba ka ji kuge ba?"

"Na ji. Ka ce wa sauran tsofaffin su ɗan jira in wuce, sai ku fito da alluranku."

Bai yi dariya ba. Ya dubi itatuwa, ya rage murya. "Ɗan ƙanwata, in ka nace, cire su ka rataya a wuya. Ba sa son fatar mushe a kan aikinsu."

"Gadar nan duk gansakuka ce. In taka ta, in mayar da ƙafar cikin farin takalmi? Haba Kawu."

"Uwarka ma haka take da taurin kai, amma ita tana da hankali," in ji shi. Ya tafi da sauri, bai waiga ba. Tsoho mai ciwon gwiwa, amma ranar har da ɗan gudu.

Na hau. Tsohuwar gadar ta lotsa, tana lilo, tana warin ruɓaɓɓen itace. Kwaɗi da gyare sun cika kunne. Hazo ya taso daga kogi yana lasar ƙafafuna. Ina riƙe da igiyar gefe da hannu ɗaya, goro a ɗayan, ina tsara kalaman da zan yi wa Mahan.

Na kusa tsakiya sai kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Warin ya sake. Yanzu ɗanyen itace nake ji, sabon sara, mai ɗaci a maƙogwaro.

Na waiga. Tulin igiyoyin nan na bakin ruwa ya ragu. Ƙwaryar bammi a kife. Inda na baro a bayana kuma gadar ta zama kore shar, tana ɗigar ruwa.

Ƙiii. Ƙarar ƙulli ana jan sa. Ƙiii.

Na ce, "Kawu, na gan ku fa! Ku bar wasan nan!"

Na dubi gaba. Can ma koren ne ke tahowa. Ta baki biyu suke saƙar, ni a tsakiya.

Na ɗaga ƙafa, ta ƙi ɗaguwa.

Wata ɗanyar igiya ta kwanta a kan tsinin takalmina. Wata ta zagayo dunduniya. Abin da ke tura su na gani ta ramukan saƙar, daga ƙarƙashin gada, inda babu komai sai iska da kogi. Yatsu ne. Dogaye, jiƙaƙƙu, kamar saiwa, gaɓoɓinsu sun fi na mutum yawa.

Sai raɗa, dab da idon sawuna.

"Wannan fa?"

"Fatar mushe ce."

"Da nama a ciki."

"A saƙa duka."

Na ce, "Bayin Allah, sabo ne fa." Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako.

Igiyar ta matse. Fata ta yi ƙara. Wata ta fara hawa ƙwaurina, sanyi ƙalau.

Abin da ya cece ni, takalmin ya ɗan yi mini yawa, auduga nake cusawa a bakinsa. Na fizge dama. Na fizge hagu, safa ta tafi. Tafin ƙafata ya sauka a kan ɗanyar saƙa.

Yatsa ɗaya ya shafa shi, tun daga dunduniya har babban yatsa, a hankali, yana bin kaushi.

"Af. Wannan ai namu ne."

"Bar shi."

Igiyar ƙwaurina ta zame.

Ban san yadda na ƙarasa ba. Na dai ji ƙasa, na ji kwaɗi sun dawo.

Namu! Ni da na yi shekaru a Man, ina shafa wa ƙafar nan mai kullum.

Haka na faɗa gidan Mahan, ba takalmi, goro a damƙe har ya tsage ganye. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, mutumin birni ya zo mana ƙafa a ƙasa. Ga ladabi! Suruki, zauna." Wonse ta kawo fitila da shinkafa da miyar ganyen rogo, ta haska wandona.

"Ruwa aka yi a hanya, Zingbe? Wando kaɗai ya samu?"

"Raɓa ce."

"Raɓar garinku da ɗumi take."

Na aure ta dai. Doro ya iso da safe da gafiya biyu a rataye, ya tarar an gama magana.

Da na zo komawa, ga sabuwar gada, ga takalmana a tsakiyarta, an saƙe su a gefe tamkar ado. Yara suka mayar da su abin nuni. Tun ranar ban ƙara sa takalmi ba, kuma ba tsoro ba ne, babu irin nawa ne a kasuwar nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk sa'ad da aka sake gada, takalman na nan, sai dai sun matso wajen gaɓarmu. Dunduniyarsu kuma ta cinye ta gefe guda. Wani na sa su, kuma bai iya tafiya da su ba. Bara a ƙullin ƙarshe suka tsaya, tsininsu na kallon gari.

Jiya aka sake buga kuge. Wonse ta jingina turmi a bayan ƙyaure, ta ce in rufe bakina ko sau ɗaya a rayuwata. Na ce idan dawo mini da takalman za a yi, to a goge su tukuna, don ba haka na ba da su ba.

Ta toshe mini baki da tafin hannunta.

Kwaɗi sun yi shiru. Daga wajen kogi ake tahowa, ana ɗingishi kaɗan.

Ƙwas. Ƙwas.

A garin da ko'ina laka ce.