Maci Amanar Talabijin

Ranar tara ga watan Mayu, ranar tunawa da nasarar yaƙi, an kafa babban majigi a dandalin birnin Taraz ana nuna tsofaffin finafinan yaƙin duniya na biyu, kamar kowace shekara. Meruyert na zaune kusa da kakarta, Aje Kulash, idonta taf da ƙwalla, sai wani saurayi a bayansu ya ce da abokinsa, "Dubi riƙon bindigar nan, sai ka ce tsintsiya."

Ta waiwayo a fusace. "Malam, in ka fi su iyawa tashi ka shiga majigin. Mutane na kuka kai kana zuba!"

"Yi haƙuri, sana'ata ce. Ɗan wasa ne ni."

"To ka koyi wasan kama baki."

Bai sake magana ba har aka tashi. Sannan ya biyo su da askirim guda uku, ya ce sunansa Yerkebulan. Aje ta karɓi nata, ta ce wa jikarta ta daina kumbura fuska.

Kafin bazara ta ƙare saƙonninsu sun cika waya. Yana kiranta Janim, wato "raina" da yarensu, ita kuma tana ce masa Akuna saboda surutunsa.

"Janim, ƙarfe biyar za su saka fim ɗin nan da kike so. Zan zauna kamar kurma."

"Ba za ka iya ba, Akuna. Amma zo."

Da kaka ta kama, aka fara nuna wani wasan kwaikwayon yaƙi a talabijin, wanda Yerkebulan ya fito a ciki. Ya fito a matsayin sojan ƙauye da Jamusawa suka kama, yunwa ta ci shi a sansani har ya yarda ya sa kakinsu. Gari ya tsani sojan nan. Wata mai sayar da tuffa ta ƙi sayar wa Yerkebulan ko ɗaya.

Mahaifin Meruyert, Sabit, ya fi kowa zafi. Ba fim ɗin yaƙin da bai haddace ba, kuma kullum sai ya goge hoton kakansa soja da ke bangon falo.

"Wannan kike so in ba aurenki?"

"Baba, wasa ne fa!"

"Na san wasa ne, ni ba yaro ba ne. An miƙa masa kakin maƙiyi ya karɓa yana murna. Kakana ya mutu a fagen fama, ni kuma in zuba wa wannan shayi? Ga Daulet nan, ɗan aminina, yaron kirki."

Ba a jima ba Daulet ɗin ya turo mata wani hoto: Yerkebulan rungume da wata doguwar mace. Nan take ta rubuta wa Yerkebulan:

"Na yi faɗa da ubana saboda kai. Ashe ba a talabijin kaɗai kake cin amana ba. Kada ka ƙara nemana."

Ta toshe lambarsa. Sau biyu ya zo makarantar da take koyarwa, ta wuce shi kamar ba ta san shi ba.

Bayan sati uku, ranar Lahadi da la'asar, iyali na shan shayi aka saka sabon kashi. Ga doguwar macen nan, ga rungumar, ga rigar dai da ke cikin hoton. Matarsa ce a wasan, tana tarbarsa ya dawo daga yaƙi. Meruyert ta ji kamar ta shaƙe Daulet, ta shaƙe kanta.

A allon kuwa, jami'an ƙasarsa suka shigo suka tafi da sojan a gaban 'yarsa.

"Madalla!" in ji Sabit. "Da ma harbe kare suka yi."

Aje Kulash ta buga kofinta a tebur har ya tsage.

"Wa kake kira kare? Hoton da kake gogewa ubana ne. Ni na san shi, ba kai ba! Bai mutu a fagen fama ba. Kama shi aka yi, shekara uku yana cin ɓawon dankali a bayan wayar ƙaya ta sansani. Ya dawo mana ƙashi da fata. Kwana takwas ya yi a gida jami'an gwamnatinmu suka zo suka tafi da shi, wai maci amana ne. Shekarata shida, ina riƙe da ƙafar wandonsa. Bai dawo ba. Uwata ta bar ƙauyen da mu, ta ce mu riƙa cewa a yaƙi ya mutu."

"Mama, me ya sa ba ki taɓa..."

"In gaya wa wa? Kai da kake tafa wa masu lambobin yabo kawai? Shekara tamanin ina kallon finafinanku, ban ga ubana ba sai a fuskar yaron nan. Shi za ka hana jikata?"

Sabit ya tashi ya fita tsakar gida.

Meruyert ta buɗe lambar Yerkebulan ta tura masa saƙo. "Akuna, na zalunce ka. Zage ni."

"Na shirya zagi na sati uku, Janim. Da na ga sunanki duk ya gudu. Amma fushin yana nan, sai kin zo da kanki."

Ta je. Ya yi ta faɗa tana saurare, har ya gaji ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Ranar da iyayen Yerkebulan suka zo neman aure, Sabit da kansa ya yanka rago, ya ajiye kan a gaban uban yaron, yadda al'adarsu ke girmama babban baƙo. Daulet bai sami katin biki ba.

A wajen walima aka nemi Aje ta sa albarka. Ta ɗaga tafukanta, mutum ɗari uku suka ɗaga nasu. Ta fara da sunan ubanta, Nurmagambet ɗan Ospan, ta faɗi abin da ya same shi da ƙarfi, a lasifika. Sannan ta dubi ango da amarya.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya. Allah Ya ba ku 'ya'ya, kuma kada Ya kawo ranar da za ku ɓoye musu sunan kowa."

Muryar Sabit ce ta fi ta kowa tashi da amin.