Tsohuwar da Ya Jefa Kwandon Shara

"Ina tsohuwar?"

Ina tsaye a bayan kujerar Injiniya na yi tambayar, idona ƙur a kan allon kwamfutarsa.

"Wace tsohuwa, Zuciyata?"

"Mai ɗinki! Wadda ke cikin littafina!"

Ya juyo da murmushin nan nasa na wanda ya gama yi wa duniya gyara.

"Au, ita? Ai na cire ta."



Injiniya shi ne mutumin da nake shirin aure. Sana'arsa haɗa manhajoji, kuma wadda yake ji da ita ita ce ta tsara littafi: kowane babi da katinsa, kowane mutumin labari da launinsa, ga zare-zare masu nuna wa ke son wa, wa ke ƙin wa. Ka ja kati da linzamin kwamfuta, babin farko ya koma ƙarshe. Ni kuwa a waya nake rubutu yadda ya zo min, wani lokacin ina tsaye a layin mota. Kullum sai ya yi min gori a kan haka, ni kuma don wauta ina jin daɗi.

Yayata ta ƙi shi tun zuwan farko.

"Mutumin da sai ya tsara gaisuwa kafin ya gaishe ki? Za ki ji jiki, yarinya."

Na yi mata fushi, har na ce baƙin ciki take min. Don in nuna mata iyakarta, na ɗauki littafin da na fi ƙauna na zuba a manhajarsa, na ba shi izinin gyara.

Yanzu ga ni a ofishinsa da ke saman shagon gyaran waya, fanka na ƙara, bango duk an manne shi da ƙananan takardu masu launi. A gefen tebur kuma 'yar gwaggonsa ce ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Uwar Iyayi nake ce mata. Ta daɗe tana tsara nata littafin a manhajar, katuna tsaf-tsaf gwanin sha'awa, amma har yau ko layi ɗaya ba ta rubuta ba. Abin da take tsarawa da gaske shi ne yadda za ta mallaki Injiniya, kuma kowa ya sani ban da shi.

"Amaryarmu, kar ki ɗauka da zafi," ta ce tana yatsina. "Ni na nuna wa Yaya Injiniya. Tsohuwar cika wuri kawai take yi."

Ko kallo ba ta ishe ni ba.

"Zo ki gani, Rabin Raina." Ya buɗe wani jadawali. "Kin ga kowa da launinsa? Ita kaɗai ce toka-toka. Ba ta da zare ko ɗaya. Ba ta son kowa, ba ta gaba da kowa, ba ta ɓoye komai. Tana zaune a bakin ƙofa tana facin kaya, shi ke nan! Manhaja ba ta ƙarya."

"Haka ne?"

"Wallahi. Yanzu labarin gudu yake."

"To, Injiniya... me tsohuwar ke cewa duk sanda yarinyar labarin ta shigo gida?"

Ya shafa ƙeya. Sai ya leƙa kwandon shara na manhajar, inda katin ke kwance, wai ko amsar na can. Abin da ke jikin katin bai wuce wannan ba: tsohuwa, mai ɗinki, manufa babu.

"Ka karanta littafin?"

"Na karanta katunan duka..."

"Littafin na ce!"

"Haba Zuciyata, amfanin tsari ke nan. Ba sai mutum ya bi kowane shafi ba."

Na dube shi sama da ƙasa. Gilashin nan da a da nake gani alamar ilimi, rigar nan mai karin guga, yatsun nan da ba su taɓa juya shafina ko ɗaya ba. Wallahi ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a lokacin ba.

"'Kin dawo? To madalla.' Abin da take cewa ke nan," na ce. "A kowane babi. A babin ƙarshe yarinyar ta shigo, kujera na nan, allura na nan, babu mai tambayarta. Don wannan shirun na rubuta littafin gaba ɗaya."

Uwar Iyayi ta sauke ƙafarta.

"Mahaifiyata ce, Injiniya, Allah ya jiƙanta. Maganarta ce. Ranar da ka fara cewa kana sona na faɗa maka, ina kuka. Har hankici ka miƙo min!"

"Subhanallah... na tuna, wallahi na tuna!" Ya rarumi linzami. "Ai ba ta ɓace ba! Danna ɗaya ne!"

Ya danna. Katin ya tashi daga kwandon shara ya koma mazauninsa.

"Kin gani? Ta dawo! Komai ya koma yadda yake, Hasken Idona!"

Har da washe baki, yana jiran in yaba masa. Na ja tsakin da sai da mai gyaran waya ya ji a ƙasa.

"Matsa."

Na karɓi linzamin, na shiga wurin da ake ba da izini, na zaɓi sunansa na danna cirewa. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya: Kin tabbata? Shi ya ƙirƙiri tambayar da hannunsa, ya sha yi min alfahari da ita, wai don kar mutum ya yi abin da zai yi nadama.

"Zuciyata, don Allah... ki tsaya mu tsara maganar..."

Na danna eh.

Na zare zobensa na ajiye a kan madannan kwamfutar, na juya wurin Uwar Iyayi.

"Ga shi nan, na bar miki. Ki ja shi ki ajiye a babin da kika ga dama."

Ban yi kuka a matakala ba. Ban yi a mota ba. Ina ta shirya abin da zan mayar wa Yayata idan ta ce ai ta faɗa min.

Na tura ƙofar gida. Tana zaune a tsohuwar kujerar Mama, rigar ɗanta a cinya, allura a hannu. Ta ɗago ta dubi fuskata, ta dubi yatsana.

"Kin dawo?"

Na gyaɗa kai.

"To madalla."

A nan na fashe da kuka.