Wanda Ya Tafi da Muryata

Gab da magariba aka aike ni. Ni fa. Mutumin da idan ya ce "jama'a, barkanmu da war haka" a rediyo, direbobi ke rage gudu don kada ƙarar inji ta cuce su.

Farfesa ce ta yi aiken, ita kuwa ba a musa mata. Ita ke jagorantar wani babban bincike da aka yi wa taron dangi. Jami'arsu, da gidan tarihi, da ma'ajiyar faifai ta ƙasa, da gidan rediyonmu suka haɗa kai a kan tambaya ɗaya: mu 'yan ƙasar nan, su wane ne mu? Jami'a ta kawo masana, gidan tarihi ya kawo tukwane da tsofaffin takubba, ma'ajiya ta kawo hirarrakin da aka naɗa tun zamanin kakanni. Gidan rediyo kuma ya kawo ni. Ku yi wa Allah ku faɗi wanda ya fi kawo abin kirki.

"Mai Murya," in ji ta a waya, "biya ta ma'ajiya ka saurari faifan da za mu buɗe shirinmu na rediyo da shi. An naɗe shi tun kafin a haife ka."

"Ranki ya daɗe, ai ni kwanan nan aka haife ni."

"Rinin gashin ne na kwanan nan. Yi sauri kafin su tashi."

Kun dai ji irin cin fuskar da nake sha. Don kawai na taɓa kwaikwayon muryar manaja na ba ma'aikata hutu ta waya, shi ke nan kowa ya samu bakin yi min magana.

Ɗakin faifan a ƙarƙashin ƙasa yake. Tun daga matakala sanyi ya kama min gwiwa, ga wani warin tsami da tsofaffin faifai ke yi. Kantocin ƙarfe ne jere har rufi, cike da gwangwanayen faifai. Mai kula da wurin wata mata ce mai tabarau, muna ce mata Uwar Faifai. Na sha gwada ba ta dariya, ban taɓa cin nasara ba.

Ta ɗora faifan a kan na'ura, ta zura zaren a hankali kamar mai ɗinkin ciwo.

"Zaren nan ya tsufa," ta ce. "Yana juyawa yana marmashewa. Sau ɗaya zai yi, kwamfuta na kwafa. Ba a tsayar da shi."

A kan teburin akwai makirufo, wanda take faɗin lambar kowane faifai a cikinsa kafin ta fara kwafa. Ta faɗi lambar, ta danna maɓalli.

"Zan hau sama in yi salla. Zauna ka saurara. Kada ka taɓa komai."

"Hajiya, hannun nan ko ƙuda bai taɓa kashewa ba."

Ba ta kula ni ba. Ta fita, ƙofar ƙarfe ta rufe a bayanta. Jar fitilar makirufon tana nan a kunne. Ta manta ba ta kashe ba.

Faifan ya fara da shuuu. Sai iska. Sai ƙarar igiya tana gogar bakin rijiya. Daga nan muryar wani matashin mai bincike ta fito. Ya ce ya tarar da wani tsoho zaune a gefen rijiyar da aka daina ɗiba, a bayan wani ƙauye, kuma mutanen ƙauyen duk sun ce ba su san shi ba.

"Baba, sannu da hutawa," in ji matashin. "Kai wane ne? Su wane ne iyayenka? Daga ina kuka zo?"

Shiru.

Zaren yana ta juyawa. Amsa ba ta zo ba. Amma akwai mutum a cikin shirun nan. Ina jin numfashinsa, a hankali, mai nauyi.

To, a nan nake so ku yi min adalci. A aikinmu ba abin da aka tsana kamar shiru. Ranar da ka fara, abin da za a dasa maka ke nan: idan iska ta zauna babu magana, mai sauraro ya murɗa tasha, manaja kuma ya sauko da kansa. Na yi rabin rayuwata ina cike shiru. Bakina ba ya neman izinin kaina.

Sai kawai na ji na sunkuya kan makirufon. Na gyara murya, na fito da ta ranar biki, mai taushi da amo. Na faɗi sunana. Na faɗi na mahaifina da na kakana, da unguwar da aka haife ni. Har na ƙara da cewa duk zuriyarmu kyawawa ne, amma ni na fi.

Numfashin ya tsaya.

Igiyar rijiyar ma ta tsaya.

Daga cikin lasifika wata murya ta fito, busasshiya, kamar ana murza ganyen da ya bushe.

"Madalla."

Na ja da baya. Kujerar ta ƙi motsi.

"An daɗe ana tambayata," ta ce, ƙasa-ƙasa. "Ba ni da abin faɗa. Ƙaro."

Na rufe bakina da hannu biyu. Ya buɗe da kansa a ƙarƙashin tafin hannuna. Magana ta riƙa fita kamar ana jan zare daga maƙogwarona. Sunan da mahaifiyata ke kirana da shi ina ƙarami. Yadda nake dariya. Yadda nake lallashin matata idan na yi laifi. Yadda nake tari kafin in yi ƙarya. Duk suka bi ta makirufon nan, ina ji, ina gani.

Maƙogwarona ya yi sanyi ƙalau.

Na nemi in ambaci sunan Allah. Iska ce kawai ta fita.

Sai lasifikar ta ce, "Jama'a... bar... barkanmu..."

A karkace ta fito, kamar takalmin aro. Aka sake. Aka kuma sakewa.

"Jama'a, barkanmu da war haka."

Tawa ce. Har ɗan jan da nake yi a ƙarshe.

Ta ƙarshen ba daga lasifika ta fito ba. Daga bayana ta fito, daga tsakanin kantoci.

Warin tsamin ya ɓace. Warin jiƙaƙƙen taɓo ya cika ɗakin.

Taku. Caɓ. Caɓ.

Ban waiwaya ba.

Wani abu mai sanyi ya tsaya daidai ƙeyata. Ya yi ɗan tari irin nawa.

"Na gode," ya raɗa.

Zaren ya ƙare. Wutsiyarsa ta riƙa dukan na'ura, fat, fat, fat. Ƙofar ƙarfen ta buɗe, ta rufe.

Da rarrafe na kai matakala, ni da rigata mai tsada. A tsakiya na ci karo da Uwar Faifai tana saukowa. Ta cire tabarau ta dube ni.

"A'a. Mai Murya? Ba yanzu ka wuce ta bayana ina sallama ba? Har ka ce min sai da safe."

Na buɗe baki in ba ta amsa. Abin da ya fito busasshen ganyen nan ne. Ta jingina da bango, ta fara salati.

Likita ya leƙa maƙogwarona ya ce lafiyarsa ƙalau. An yi min addu'o'i, na sha abin da aka ba ni. Kwamfutar ma'ajiya ba ta kwafi komai ba sai shuuu. Na rubuta wa Farfesa duk abin da ya faru, ta amso da cewa wannan wasan ya fi na manaja tsari, amma in daina haka nan, tunda aikina na isowa a kan lokaci.

Yana isowa kuwa. Injiniyan sitidiyo ya ce kowane mako nakan kira shi in karanta shirin ta waya. Ranar da aka fara sakawa ina zaune a falo, matata na riƙe da hannuna tana hawaye. Muryata ta cika ɗakin tana bayyana wa ƙasa ko su wane ne mu. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Can sai na ga matata ta miƙa ɗaya hannun ta ƙara sauti. Jama'a kuma sai yabo suke, wai ban taɓa yin kyau haka ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Jiya na daure na kira mahaifiyata. Idonta ya daɗe da rauni, da murya take gane mu.

"Inna, ni ne."

"Kai wa?"

Na faɗi sunan da take kirana da shi.

"Bawan Allah, ban san inda ka samo wannan sunan ba, amma ka ji tsoron Allah, tsoho da kai. Yanzu muka gama waya da ɗana. Kullum sai ya kira ni kwanan nan, Allah ya shirya min shi."

"Inna, ki saurare ni..."

"Ka ajiye, ina da aiki. Ɗaki zan sa a gyara masa. Ya ce gobe yana tafe."