Malamin da ke Jifan Fulawa

A garin Winslow na jihar Arizona, Don Fermin Baca yana da gidan burodi, yana da 'ya ɗaya mai suna Araseli, amma ba shi da haƙuri. Wilfredo Lujan kuwa malamin kimiyya ne a makarantar firamare. Haƙuri kam yana da shi har ya yi yawa, mata ce dai babu.

Wata Litinin ya shiga shagon ya nemi fulawa buhu guda. Araseli ta tambaye shi wane irin burodi zai yi. Ya ce ba burodi ba, zai nuna wa yara yadda ramukan da ke jikin wata suka samu ne. Za a zuba fulawa a tire, a barbaɗa garin cakulan a sama, a saki dutse a ciki. Ta yi dariya har da riƙe kanta, shi kuma ya fita ya manta buhun. Da ya dawo ɗauka, sai ya tafi har da lambarta.

Ranar da wata ya fito da rana tsaka, ya tura mata saƙo:

"Gimbiyar tanda, ɗaga kai ki duba. Baƙaƙen wuraren nan tekuna ake ce musu, amma ko ɗigon ruwa babu, narkakken dutse ne ya malala ya daskare. Farin kuma tsaunuka ne, duk ramuka. Haka zuciyata take kafin in san ki."

Ta amsa: "Malam Ramuka, Allah ya ba ka lafiya. Ka zo da yamma, Baba zai je aski."

Nestor, direban da ke kawo musu fulawa, ya daɗe yana son Araseli. Shi ya kai wa Don Fermin labari cewa ya leƙa ta tagar aji, ya ga malamin yana jifan abinci da duwatsu. Tsohon ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mai wulaƙanta fulawa ba. Araseli ta yi kuka, ta yi bayani, ya ce shi ba ya son jin zancen wata, burodi ya sani.

Washegari ya tafi makarantar ko rigar aiki bai cire ba, da niyyar ya ci wa malamin mutunci a gaban yara. Ya tsaya a bayan aji. Wilfredo ya gan shi, amma ya ci gaba da darasi. Ya gaya wa yara cewa idan dutse ya faɗa, farar fulawa za ta fantsama ta zana layuka a kewayen ramin, irin fararen layukan da ke fita daga sababbin ramukan wata. Ya saki dutsen. Dutsen ya nutse, babu layi ko ɗaya. Ya sake, haka nan.

Don Fermin ya kasa jurewa.

"Kai yaro, wa ya ce maka ana aiki da fulawa ba a tankaɗe ba? Duk gudaji ce. Matsa."

Ya aika aka kawo rariya daga kicin ɗin makaranta, ya tankaɗe a natse, ya barbaɗa cakulan siriri, ya saki dutsen da kansa. Layuka farare suka baje har bakin tire. Yara suka yi tafi. Tsohon ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya tambaya a hankali ko akwai dutsen da ya fi wannan girma.

Sai da aka tashi makaranta ya koma shago, fari fat har gira. Araseli ta tsaya tana jiran faɗa.

"Mutumin nan naki ya san wata," in ji shi, "amma idan aka bar shi shi kaɗai yunwa za ta kashe shi. Ki aure shi, 'yata, taimako ne."

A ƙarshen bazara aka ɗaura auren a coci, 'yan ajin duka suka zo. Don Fermin ya haɗa hannuwansu, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya juya baya don kada a ga hawayensa.