Ciyawar da Tela Ya Tuge

Wannan ba ji na yi ba, da idona na gani, idon nan na dama da har yau yake hango allura a cikin yashi. Katanga ɗaya ta raba ni da gidan Tela. Katangar gajeriya ce, ni kuwa Allah ya hore mini wuya.

Tela da ƙaninsa Direba suna cikin wasu mutane masu fita bayan gari ranar hutu suna leƙen ciyayi. Wanda ya ga wadda bai sani ba sai ya kira sauran, a durƙusa, a murza ganye, a shinshina, a yi ta gardamar sunanta. Dokarsu guda ce: a tsinki ganye, a ɗauki hoto, amma ba a tugewa. Tela ne ya kafa dokar, kuma in ya faɗi suna gardama ta mutu. Shi ya koya wa Direba bambanta tafasa da rai-ɗore.

Rannan Direba ya tsinkayi wata ciyawa a gindin dutse. Ganyenta kamar kunnen ɓera, bayansa ja, in ka taɓa sanyi kamar gindin randa. Tela ya juya ta, ya shinshina, har ya ɗan lasa, suna ya ƙi zuwa. Sai wani mai baki ya ce, "Tunda babban ya kasa, mu sa mata ciyawar Direba." Aka yi dariya, aka ce a dawo in ta yi fure.

Tela ya koma gida ya kasa cin abinci. Yaron da ya goya, yau shi ake sa wa ciyawa sunansa? Washegari ya zame shi kaɗai, ya tuge ta har saiwa, ya dasa ta a tsohon bokitin fenti a bayan ɗakin ɗinki. In sun koma, su je su yi gardama da rami.

Yammacin nan rana ta faɗi kamar kullum. Matarsa tana kwashe shanya, Auta 'yarsu tana ninkewa. Sai kaji suka yi shiru. Iska ta tsaya cak, hayaƙin murhu ya miƙe sama kamar sanda. Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Aka saurara. Wani ya sake faɗowa, a hankali ya gangaro, ya tsaya daidai ƙafar Tela, da ɗanyar ƙasa a jikinsa.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Tela, amma bai ɗaga kai ba.

Daga bayan ɗakin ɗinki wata murya ta yi tari, irin na tsohuwa. Auta ta saki zanen da ke hannunta. Ta taka a hankali, ba irin tafiyarta ba, ta je ta durƙusa ta rungume bokitin.

Tun daga nan ba ta ci, ba ta magana. Uwarta ta kawo mata ruwa, sai ta juye wa ciyawar. Ciyawa tana ƙara kyau, yarinya tana ramewa. Kullum rana ta yi ja, jifa ya tashi. Tela ya san komai, amma faɗa yana nufin ƙaninsa ya ji, sai ya ja bakinsa.

Matarsa ce ta gaji ta aika wa Direba, ya zo da wani malami mai ruƙiyya. Direba ya ga bokitin, ya daɗe yana kallonsa.

"Yaya, ashe nan ta yi ƙaura."

Tela ya shiga gyaran hularsa.

Malam ya zauna ya fara karatu, murya ƙasa ƙasa. Duhu yana shigowa tsakar gida. Can Auta ta ɗago kai, idonta a kafe, ta yi magana da muryar da ba tata ba.

"Daina ƙona ni, mai gemu. Ni aka yi wa sata."

"Me aka sace miki?"

"Ciyawar nan tawa ce. Tun kakan kakan Tela bai yi haƙori ba nake ba ta ruwa. Na haƙura da masu leƙe, na haƙura da mai walƙiya a waya. Wannan kuwa ya ɗauke mini tawa, na ɗauki tasa."

"Za a mayar miki. Ki fita."

Ta yi dariya, ta juya wajen Tela. "Ko mu yi ciniki, mai allura? Na san abin da ke cinka. Ka bar ni a jikin nan, in raɗa maka sunanta a kunne. Kai kaɗai. Ƙaninka ya mutu bai sani ba."

Nan take Tela ya miƙe tsaye ya ce, "Riƙe sunanki. Ba ni 'yata."

"To a mayar da ita raminta. Amma ba da hannunka ba. Wanda ya gan ta ya bar ta, shi zai ɗauka, kuma sai ka roƙe shi."

Tela ya juya wajen Direba. "Ƙanina, don Allah. Kai ka gano ta. Ka mayar."

Direba ya sa hannu a bokitin. Auta ta yi atishawa, hannunta ya saki, ta duba ta ce, "Baffa, yaushe ka zo? Mama, yunwa nake ji." Wani zakara ya yi cara a maraicen nan, ba lokacinsa ba.

Har gobe ciyawar tana gindin dutse, kuma Tela da bakinsa yake nuna wa baƙi ita, yana cewa ciyawar Direba, fuskarsa kamar ya tauna maɗaci.

Abu ɗaya na ƙara, don maƙwabtaka. Na ce nan take ya miƙe ya ƙi cinikin. Gaskiya sai da ya fara miƙa kunne, matarsa ta take masa ƙafa.